Ragon Layya da Takalman Autana

Shekarun baya, autana ya tahi Libiya neman abinci, daga can munka ji ya ƙetara ruwa, ya sauka wani tsibiri na ƙasar Girka. Ana saura 'yan makonni layya sai ga ƙanen marigayi mijina, ya jawo wani farin rago daga kasuwar Illela, ƙahonsa ya yi nadi biyu. Ya ce yaron ne ya aiko a saya mini.

Na dubi ragon, na ce: "Wane aiki yake yi can?"

"Ke dai Yaya, an kawo miki rago, sai kin ji sunan uwar ragon?"

Washegari na hau mota zuwa Konni, ɗakin da ake buga waya. Da anka haɗa mu, ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Kai, mi kake yi a garin mutane?"

"Inna, jaki nike ja. Wasu tsohhin annasara ka zuwa hutu, su yi ta tahiya ƙasa cikin duwatsu suna kallon furanni. Ni ka ɗaukar musu ruwa da abinci."

"Su cire furen su yi magani?"

"A'a, hanawa ma ake yi a cira. Durƙusawa suke, su shinshina, su ɗauki hoto, mu wuce."

"Ba su da mota?"

"Suna da ita, Inna. Aje ta suke."

Ni da na tsufa ina cire haki a gonar gero, yau a ce mini mai mota ya bar motarsa, ya ƙetare teku, don ya shinshina ciyawa? A shekarun nan mun ga yaran da sunka dawo da manyan babura ba a san sana'arsu ba, daga baya jandarma su zo su kwashe su. Na ce a raina ko ƙwaya yake ɗaukar musu cikin mangalar jakin, ko kuma jakin ma babu shi. Layya kuwa ba a yin ta da abin da ba a san asalinsa ba.

Na ce masa: "Wa ke zuwa gida sallah daga wajenku?"

Ya ce akwai abokinsa ɗan Bazaga, nan kusa da mu, mai aikin gonar zaitun.

"To ka ba shi takalman da kake wannan yawon da su. Kada ka wanke, kada ka kakkaɓe. In ban gan su ba, wuƙa ba ta taɓa ragon ga."

Ya yi dariya har sai da na ɗaga masa murya. Bai san dalilina ba. Yaron nan tun yana ƙarami ya faɗo daga amalanke, ƙafar hagu ta ɗan karkace. Duk takalmin da ya sa, gefen waje na dunduniyar hagu ke fara cinyewa. Ko ya sayi tsohon takalmin wani don ya rufe mini baki, zan gane.

Ranar sallah ta zo, ɗan Bazaga shiru. Anka sauko idi, gida gida anka yanka, anka jera raguna jikin itace kewaye da wuta, ƙamshi ya cika unguwa. Nawa yana turke yana cin harawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, naku azumi yake, ko sai ya yi jika?"

Ƙanen mijina ya zo da wuƙarsa a wase, har sau biyu, na maida shi. Ya ce malam ya faɗa, rana ta uku in ta faɗi, layya ta wuce, ya zama ragon miya. Na ce na ji. Amma Allah ya sani, na kwana ina lissahi. In yaron gaskiya yake faɗi, na tozarta shi gaban dangi. In ƙarya ne, na rasa abin da ya fi rago.

Rana ta uku da hantsi sai ga ɗan Bazaga bisa kabu-kabu, da leda a hannu, wai motarsu ce ta lalace a hanyar Yamai. Na shimfiɗa tabarma tsakar gida na zazzage. Wasu takalma ne masu nauyi kamar na soja. Na kifa su. Ƙasansu ya suɗe, dutsi ya tsattsaga shi, dunduniyar hagu kuwa ta cinye ta gefen waje har ta kusa hujewa. Igiyoyin cike da wata ƙaya mai kama da ƙarangiya, amma ba irin tamu ba. Cikin tsagar akwai busasshen kashin jaki, wannan kam ko a Girka ba ya sake kama. Na kai hanci, na ji wari, na kuma ji ƙamshin wani ganye da ban sani ba.

Na ce wa ƙanen mijina, da ke tsaye nan yana kallo: "Ina wuƙar taka? Ka tsaya kana kallona rana na tahiya."

Tun daga ranar ban sake tuhumar yaron nan ba. Takalman suna nan cikin adakata, in na buɗe har yanzu ganyen yana tashi kaɗan kaɗan. Amma su tsohhin nan masu durƙuso, ya nuna mini hotunansu da ya dawo, kowa da sanda bibbiyu, hanci cikin haki. Na ce masa ya riƙa lura da inda suke daɗewa a durƙushe. Mutum ba ya aje mota don fure. Akwai abin da sunka binne a wurin.