Jar Laimar Fualaau

Fualaau ba kyakkyawa ba ce, fara'a kuma ba ta dame ta ba. Ƙatuwar mace ce mai addar da ta girme wa rabin direbobin birnin Apia. Tun shekarar da teku ta ƙi dawo mata da mijinta ta kafa tebur da jar laima a mararrabar tsakiyar gari, tana fasa wa masu ƙishi ɗanyar kwakwa. Shekara talatin da huɗu ke nan. A gindin teburin ta yaye 'ya'ya uku. Biyu suna can ƙetare a Auckland yanzu, suna aiko mata da takalman da ba ta sawa.

Mutanen Apia ba sa kwatance da sunan titi. Fuska biyu ce a duniya, wajen teku da wajen tudu. Mai neman coci ko asibiti sai a ce masa, "Ka miƙe har ka ga mai kwakwa da jar laima, ka karya wajen tudu." Ita kanta ba ta ɓata yawunta. Ta nuna da haɓa, ko ta ɗaga gira, ma'ana i.

Ana nan sai kwamitin gyaran gari ya turo Peniamina, ɗan wata ƙawarta, saurayi mai tabarau da igiyar awo.

"Inna, sai haƙuri. Daidai ƙafar kujerarki za a kafa sandar allon."

"Allon me?"

"Na nuna hanya. Shuɗi ne, da kibiya da sunan kowane titi. Baƙo ya daina ɓata."

"Kai Peni, a nan na share maka majina ranar da uwarka ta manta da kai a kasuwa. Wa ya nuna maka gida, allo?"

Direbobin tasi suka kece da dariya. Amma takarda takarda ce. Ran Litinin aka kwashe ta aka ajiye can baya, ta inda motoci ke shigowa daga tashar jirgin ruwa, a bakin wani lungu mai zafi da ba iska. Ba ta yi kuka ba. Kullum dai sai ta hangi mararrabarta daga nesa, ta sari kwakwa da ƙarfin da ya fi kima.

Lungun ma wajen tudu ya nufa, sai dai ba ya ɓullewa. A garejin wani makanike mai suna Amosa ya ƙare. Duk wanda aka yi wa kwatance kuwa, da ya hango jar laima sai ya karya, tun bai kai ga allon ba.

Ran Laraba Amosa ya fito hannu duk baƙin mai.

"Fua, don girman Allah! Yau an kawo min katifa shida da fasto guda. Ni birki nake gyarawa!"

"To ka duba na faston."

Ran Asabar aka sa ɗaurin auren Peniamina. Amaryar, Lupe, daga tsibirin Savai'i take, kuma uwar ango ce ta yi wa danginta kwatance ta waya, irin wanda ta gada daga uwarta. Da hantsi sai ga su, bas guda da a-kori-kura bakwai, maƙare da tabarmin girmamawa da katan-katan na kifin gwangwani, ga kek mai hawa goma sha biyu gwaggwanni huɗu sun rungume. Direban bas ya leƙo.

"Inna, ke ce mai kwakwa?"

Fualaau ta ɗaga gira. Ai ba ƙarya ta yi ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka dunguma cikin lungun har ya toshe. Mutanen baya suka ga an tsaya, suka ɗauka an iso, suka diro da waƙa da tafi. Tsohon da ke magana da yawun dangin amarya ya dafa sandarsa, ya ga namiji ɗaya tsaye a tsakar fili, ya fara yi masa jawabin gaisuwa tun daga kakannin kakanni. Irin wannan jawabi ba a katse shi. Amosa ya ƙame da sifana a hannu minti arba'in, daga ƙarshe aka shimfiɗa masa tabarma a gaba, ya yi godiya don bai san abin da zai yi ba.

Ango kuwa ya gaji da kallon ƙofar coci, ya kira amarya a waya.

"Lupe, kuna ina?"

"Mun juya a wurin mai kwakwa, kamar yadda Mama ta ce! Peni, me ya sa cocinku ke warin mai?"

Da gudu ya iso, farar kwat ta jiƙe sharkaf, yana riƙe da bakin zanensa, irin wanda mazan can ke ɗaurawa, kada ya kwance.

"Inna, kina kallo suka shiga!"

"Ina kallo."

"Ba ki ce musu komai ba?"

"Ba ga allo can ba? Shuɗi, da kibiya."

"Don Allah ki fitar min da su."

"Daga nan ko ni ban san ina ne ina ba, ɗan nan."

Peniamina ya dube ta, ya dubi lungun da ke ta rawa. Sai ya sunkuya ya ɗora teburin a ka, ya saɓa kujerar, ya nufi mararraba, direbobin tasi na binsa da oda suna ihu, "Ango ya samu aiki!" Sai da ya dire su a gurbinsu sannan Fualaau ta miƙe. Ta shiga lungun, ta buga bayan adda a jikin wata tsohuwar ganga, kowa ya yi tsit. Da haɓa kaɗai ta fitar da mota takwas da baya, ta wuce gaba da laimarta, suka biyo ta kamar agwagi har mararraba. Nan ta nuna wajen tudu, ta zauna.

An ɗaura aure da azahar. Kek ya isa da hawa goma sha ɗaya, Amosa kuma ya rantse bai san komai ba.

Allon na nan har yau, ita ma tana nan a gindinsa. A jikin sandarsa take ɗaure laimarta, ta ce ba ta taɓa samun maɗauri mai ƙwari irinsa ba. Kwatance ma ya yi sauƙi. Yanzu cewa ake, "Ka miƙe har ka ga shuɗin allo. A ƙarƙashinsa akwai mai kwakwa, ka tambaye ta."