Adireshi takwas da sunan jaririya

Aikina na farko bayan na bar makaranta, a wani ɗaki ne saman shagon atamfa a Zongo, inda muke sayar wa 'yan kasuwa intanet ta wayar tarho. Layi takwas gare mu, da tsohuwar kwamfuta guda da muke kira uwar garke. Duk wanda ya bugo daga gida ko shago, ita ke ara masa lamba, wato adireshi, in ya gama ta karɓe ta ba wani. Adireshin ma takwas ne cif. Wanda bai samu ba, sai dai ya ji ƙugin modem, na'urar haɗa layin, a katse shi.

To gidajenmu waya ɗaya ce ga kowa. Mutum na tsakiyar aiki, sai wata ta ɗaga kan tarho za ta kira ƙanwarta a unguwar Bè, layi ya yanke, kafin ya sake bugowa wani ya ɗauke adireshin. Abin ya riƙa ba ni tausayi. A masallacin unguwarmu, in mutum ya tashi sabunta alwala, ba mai zama wurinsa. Sai na saita uwar garke ta riƙa ajiye wa duk wanda ya yanke adireshinsa har awa biyu. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ban kuwa gaya wa maigidana ba.

Ana nan 'yar Kawuna, yayan marigayiya mahaifiyata, ta haihu a Faransa. Shi aka bar wa zaɓen suna, ya kuma rantse ba zai faɗa ta tarho ba, suna a rubuce ake miƙa wa liman. Ranar suna da hantsi surukinsa na can yana jiran saƙon imel, shi kuwa Kawu ya buga daga shagonsa sau shida ana koro shi. Sai ga shi a kan zemijan, wato babur ɗin haya, babbar riga na tashi, ya hau bene yana haki yana tambayar wane mara kunya ne ya tare masa hanya.

Na duba. Mutum biyu kacal ke kan layi, sauran adireshi shidan duk na ajiye wa waɗanda suka tafi harkarsu tuntuni. Kunya ta kama ni, na faɗa masa gaskiya, har da misalin alwala. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai ɗan nan, ladabi ne ya yi maka yawa. Wanda ya tafi kasuwar Akodésséwa ai ba alwala ya je ba."

Na saki adireshin, na mai da jiran minti biyu, na buga da wayar ofis na ba shi kujerata. Ya gyara tabarau, ya rubuta da yatsa ɗaya, ni kuwa na juya baya don kada in gani. Da saƙon ya tafi sai ya kamo hannuna.

"Juyo ka karanta, ai kai ya fi shafa."

Sunan mahaifiyata ne. Na tsaya ina murmushi, hawaye na zuba, ban ma share ba.