Ranar da Shefali Ta Tsare Yayan Mijinta

Shefali Begum ma'aikaciyar jinya ce a filin jirgin saman Silet, kuma tun tana budurwa take tsaye a ƙofar da masu dawowa daga ƙasashen waje ke bi. Aikinta ta auna zafin jikin kowa da na'ura, ta tambaye shi inda ya fito, kada wani ya shigo wa gari da annoba. Babu irin dabarar da ba ta gani ba. Wani ya haɗiyi maganin zazzaɓi kafin jirgi ya sauka, wani ya manna kwalbar ruwan sanyi a goshi, wani kuma ya rantse da kabarin ubansa cewa tarin nan na sigari ne.

Wata Laraba sai ga Mokbul, yayan mijinta, ya sauko daga Katar don bikin ɗansa. Ido jawur, ya naɗe wuya da mayafi a tsakiyar zafi.

"Yaya, sannu da hanya. Ɗan matso in auna ka."

"Ke Shefali, ni za ki nuna wa wannan abin? Ni da na karɓo wa ƙanena aurenki?"

"To cire mayafin in gani."

Ƙuraje ne rututu har bayan kunne. Ta ce sai ɗakin keɓewa. Ya ce zufa ce, ya ce sauro ne, ya ce kifin jirgi ne bai karɓe shi ba. Ta kira likita. Kafin la'asar wayarta ta kusa fashewa. Surukarta na kuka, mijinta na cewa, "Haba, ki kau da kai mana, sau ɗaya dai!"

"In kau da kai ya je ya rungumi jarirai da masu ciki? Ku bar ni in ji da aikina, don Allah!"

Gwaji ya nuna ƙarambau ce. Aka ɗaura aure Mokbul na kwance a asibiti, yana kallon biki ta waya yana susa. A gidan biki kuwa aka zuba wa Shefali shinkafa da kan kifi, babu mai ce mata ci kanki.

Ta zaci in ya warke za a gode mata. Ina! Har yau surukarta na gaya wa baƙi cewa ɗanta lafiya ƙalau ya sauka, na'urar Shefali ce ta sa masa ciwon. Da farko takan tsaya yin bayani har muryarta ta dishe. Yanzu sai dai ta yi tsaki a ciki, ta miƙa wa tsohuwar shayinta.