Rauta a Tukunyar Nna

Saura awa ɗaya a rufe fom ɗin neman aikin da nake cikewa, intanet ɗin gidanmu ya ɗauke ɗif.

Na garzaya falo inda na kafa rauta, ɗan akwatin nan mai raba intanet har ɗakina na ƙofar gida. Ba ta nan. Sai igiyar wutarta na gani ta bi bango ta shige kabad ɗin Nna, mahaifiyata.

Na bi igiya har cikin babbar tukunyarta ta tagulla ƙirar Bida, inda take adana sarƙoƙinta. Ga rauta an naɗe ta da zani, an kifa murfi, tana ta ƙifta fitila abin tausayi.

Na ce, "Nna, me ya kawo ta nan?"

Ta ce, "Ba kai ka ce 'ya'yan Maman Joy maƙwabciya suna jan abin nan ta katanga ba? To, na rufe. Su ja mu gani."

"Ai ni ma ba na samu!"

"Ka gani? Tukunyata ba ta yoyo."

A tsugune gaban kabad na tura fom, saura minti biyar, don rabin murfi kawai ta yarda a buɗe.

Duk lambar sirrin da na sa sai yaran unguwarmu ta Barkin Sale sun gano ta, amma ba wanda ya tsallake murfin Nna. Ku fa, taku tsohuwar me ta taɓa adana muku har ya daina aiki?