Ranar da Na Ƙi Karɓar Madarar Lambata

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gwaji na wani ƙaramin kamfanin yogot a Suleja, akwai wata safiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Aikina shi ne duba madarar da matan Fulani ke kawo mana daga rugagen wajen Lambata. A da sai mu jira kwanaki kafin sakamako ya fito, lokacin kuwa an riga an shanye yogot ɗin. Daga baya muka samu gwaji mai sauri: a ɗiga wani ruwa mai launin shuɗi a 'yar kwalbar madara, a ajiye ta a ɗumi. In madarar lafiya take, launin zai daɗe. In ƙwayoyin cuta sun yi mata yawa, nan da nan zai koɗe.

Ran nan wata makarantar firamare ke jiran kayanmu. Kwalabe duk suka riƙe launinsu, ban da ta wata dattijuwa da ta fi kowa kawo mana madara. Na sake gwadawa, ta sake yin fari fat.

Manaja ya shinshina jarkar madararta ya ce, "Haba madam, ko tsami ba ta yi ba. Ai dafawa za mu yi, juye kawai."

Na ce, "Oga, wuta ba ta kashe dafin da wasu ƙwayoyin suka riga suka zuba. Yara ne za su sha. Ba za ta shiga tukunya ba."

Ya yi faɗansa ya gaji, ban motsa ba. Rabin kaya muka aika.

Fuskar dattijuwar ce ta fi tsaya mini a rai. Ta ce, "'Yar nan, ni za ki kira ƙazama?"

Na ce, "A'a Inna, wani abu ne ya shiga, kuma tare za mu nemo shi."

Washegari na bi ta har ruga. Shanunta ƙalau, ƙoranta tsaf. Ashe rijiyar burtsatsensu ce ta lalace, suka koma wanke jarkoki a rafin da shanu ke shiga. Muka tafasa ruwa muka wanke su tare. Da ta dawo da madara, ita ta tsaya a kaina har gwajin ya nuna lafiya, ta rangaɗa guɗa a tsakar kamfani.

Tun daga ranar na gane cewa in ka tabbatar da abin da idonka ya gani, kada tsawa ta kau da kai. Amma ƙin karɓa rabin aiki ne, sai ka bi matsala har inda ta fito.