Baƙin Mayafi da Idon Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Gwandu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona, ƙanwar babana, ta tafi da ni Kalgo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini. In na je gaisuwa na durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta juya wa bango fuska ta amsa. Na girma, na yi aure, na zama maɗinki, amma da za ka tsare ni ka ce yaya idon uwarka yake, wallahi sai dai in yi maka ƙarya. Abin yana cina, ban dai taɓa gaya wa kowa ba.

A shekarun da aka fara ganin mota a ƙasarmu, wani Bayarbe mai ɗaukar hoto ya sauka a zaurena. Zazzaɓi ya kwantar da shi damina guda, ni na yi jinyarsa, shi kuma ya koya mini sana'arsa don ya rage zaman banza. Da ya tashi komawa Ikko sai ya ajiye akwatunan hotonsa biyu a gabana, ya ce in ɗauki ɗaya ladan jinya. A makon nan ne kuma saƙo ya zo daga Gwandu cewa tarin Inna ya tsananta.

Ɗaya ƙarami ne, ana naɗe shi ya shiga aljihun babbar riga. Fim ake sa masa, ka riƙe shi daidai cikinka ka latsa, shi ke nan. Ɗayan kuwa jibgege ne na katako, mai ƙafa uku, hotonsa kan farantin gilashi yake hawa, kuma sai ka lulluɓe kanka da baƙin mayafi kafin ka ga wanda za ka ɗauka. Bayarben ya rantse ƙaramin ya fi dacewa da ni. Ya ce babban dakon jaki ne, gilashi ba ya shiri da hanyarmu, farantan da suka rage masa ma ba su da yawa. Matata ta goyi bayansa, ta ce in na kinkimo wannan dodon gari zai ce na fara tsafi.

Duk gaskiya suka faɗa, shi ya sa raina ya ɓaci. Na yini ina ɗaga wannan ina ajiye wancan. In na tsaya gaban Inna da ƙaramin, fuskata a fili, bango za ta kalla, in dawo da hoton ƙeya. Amma in na shige mayafi, ai ba na nan. Na ce babban nake so. Bayarben ya ce taurin kaina ya fi na jakin da zai ɗauke shi, na ce na ji.

Muka kama hanya da goggo. Farantan na naɗe cikin auduga na rungume a ƙirji, ban yarda jaki ya taɓa su ba. Takalmina ya tsinke tun ba mu yi nisa ba, na ƙarasa tafiyar ba takalmi. Ko tuntuɓe na yi sai in tsaya in girgiza ƙunshin a kunne, in ji ko wani abu ya fashe. Goggo tana ta tsiya wai ko jariri ba a yi wa wannan riƙo. Ni kuwa tsorona kada mu isa mu tarar ana zaman makoki.

Mun sami Inna da rai, ta rame ƙwarai. Goggo ta sha fama kafin ta yarda a fito da ita hantsi, aka zaunar da ita kan tabarma jikin rumbu. Na kafa akwatin na yi maza na shige mayafi. Sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa.

"Shina ganina?"

"Ina zai gan ki, yana cikin duhu?" in ji goggo. Allah Ya yafe mata wannan ƙaryar.

A gilashin da ake dubawa mutum a kife yake fitowa, kai ƙasa, kuma dishi-dishi. Na ga ta juyo daga bango a hankali ta fuskanci inda nake. Gumi yana ta shiga mini ido. Da na zura farantin hoto sai ganin ya toshe gaba ɗaya, haka abin yake. Ban yarda na fito ba. Na miƙa hannu ta waje na lalubi murfin idon akwatin, na cire, na yi salati, na mayar, ban san abin da na ɗauka ba.

Ko ruwa ban tsaya sha ba na juyo Kalgo, na bar goggo tana jinya. Na toshe ƙofar ɗaki da bargo na wanke farantin, na buga shi a takarda. Ga Inna ta fito tsaf, har zanen da ke kumatunta ana gani. Fuskarta tana wajena, amma idon yana ƙasa, fatar ido kawai na samu. Na zauna na yi kuka kamar yaro, na zagi akwatin, na zagi kaina da na ƙi jin magana.

Ba a yi mako ba ta rasu. Bayan an share makoki goggo ta kira ni ɗaki, ta ciro wani ɗan ƙoƙo a ƙulle cikin tsumma ta ba ni. Man kaɗe ne. Na tambaye ta na mene ne.

"Ranar hoton nan ta ba ni," in ji goggo. "Ta ce mayafin bai rufe ƙafafun wancan ba, ta ga duk sun yi faso. A ce mishi ya riƙa shafawa."

Na koma gida na ɗauko hoton, na bi inda idon nata ya sauka. Daidai inda na tsaya ne, tsakanin ƙafafun akwatin.