Tafiyar abokina ta farko zuwa gida

Shekarun baya, kafin a rushe unguwar Karantina ta Jidda, ina tare da wani abokina Bahaushe haifaffen garin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan unguwa sun ɗauke mu abokan cin tuwo. Mu mun san abin ya wuce haka.

Da tafiya ta yi nisa muka daina amfani da kwaroron roba. Ba mu yi gwaji ba, ba mu zauna mun yi magana ba. Ni na ɗauka alamar amana ce. Abin dariyar, kafin in zo Saudiyya na yi shekaru ina karanta sanarwar ƙanjamau a rediyo, da murya mai nauyi. A ɗakina kuwa na kasa furta ko kalma ɗaya daga cikinta.

Wata Juma'a bayan la'asar muna shan shayi, ya ambaci wani da yake zuwa wurinsa a unguwar Hindawiyya, kamar mai ba da labarin kasuwa. Na ajiye kofi.

"Ya akhi, yaushe muka ce mu biyu ne kawai?" in ji shi.

Na lalubi ranar, ban same ta ba.

Kishi bai daɗe a raina ba, tsoro ya kore shi. Na ce sai mun yi gwaji. Ya ce, "A ina? Su ga wani abu a jinina, halas, iƙama ta tafi, ba sauran izinin zama. Su kai ni ƙasar da ban taɓa gani ba?"

Gaskiyarsa. Fasfonsa na ƙasar kakansa ne, amma ko filin jirginta bai sani ba.

Muka koma ga kwaroron roba tun daga ranar. Da hutuna ya zo na ce ya raka ni Kano. Mahaifiyarsa ta yi ta murna, wai ɗanta zai ga gida, ta cika masa jaka da dabino.

A wani ƙaramin asibiti aka ɗebi jininmu. Ma'aikaciyar ta ji Hausarsa ta ce, "Malam, kai kuma Bahaushen ina ne?" Bai iya dariya ba sai da ta dawo ta ce mu biyun lafiya lau. Nan ya zauna a kan benci yana ta "Alhamdulillah".

A hanyar dawowa muka yi maganar da ya kamata mu fara da ita. Shi bai yi alkawarin zama da ni kaɗai ba, ni ma ban ce zan so hakan ba. Muka dai yarda: kariya kullum, gwaji duk hutu, kuma ba ɓoye-ɓoye.

Yau yana unguwar Waziriyya, muna nan yadda muke. Na gane shiru ba yarjejeniya ba ce. Shi kuwa har gobe in an tambaye shi abin da ya kai shi Kano, cewa yake, "Zumunci." Ban taɓa ƙaryata shi ba.